Zan Sake, Malama

Ba a gaban idonta ake kiranta A-Sake ba. Matan nan uku da ke ɗinki a shagonta su suka raɗa mata sunan, kuma ba sa faɗarsa sai sun ga ƙeyarta ta fice ƙofa. Ba su yi mata ƙage ba. Mace ta wuni tana taka keke, ta gama riga ta kai mata, sai ta juya rigar ciki waje, ta matsa bakin taga inda haske yake, ta bi ɗinkin da farcen babban yatsa tun daga wuya har kalmasar ƙasa. In ta sami inda zare ya ɗan kauce, ko da faɗin gashi ne, ba ta faɗa, ba ta zagi. Miƙo rigar take yi tare da reza ta ce, "A sake."

Amma a faɗi gaskiya, abin da take yi wa ma'aikatanta somin-taɓi ne a kan wanda take yi wa kanta. Su kalma biyu take ba su. Ita kuwa in nata ɗinkin ya karkace, a fili take wanke kanta tas, tana farkewa tana magana kamar da wata take yi. "Ke dai banza ce. Kin tsufa a kan keke, layi ɗaya ya gagare ki. Sake, marar amfani." Baƙuwar da ta zo awo takan waiga ta ga da wa ake, matan shago kuwa sun daina ko ɗaga kai. A-Sake ta taɓa bin wata mata har bakin titi ta karɓo siket ɗin da matar ta riga ta gwada ta yaba, don kawai zif ɗin bai kwanta mata a rai ba.

Halin nan bai tsaya a shago ba, har wurin alwala yake bin ta. Za ta tsuguna da buta, ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta kai gwiwar hannu, sai zuciyarta ta ce, anya ruwa ya shiga tsakanin yatsun nan? Sai ta koma farko. Buta ɗaya ba ta isar ta. Ta san sunan abin, waswasi ne, ta sha jin malamai na cewa a yi watsi da shi, amma a ganinta wannan sassauci na mutanen kirki ne, irinta kuwa sai da tsanani. Ba ta taɓa sallame salla ta ji a ranta an karɓa ba. Tsakanin ruwa da sabulu da sitacin sabon yadi, bayan hannayenta ya bushe ya tsattsage, in ta dunƙule su sai jini ya tsatso a gaɓoɓin yatsu. Takan goge a gefen zani ta ci gaba da abin da take yi.

Da gigin tsufa ya kama mahaifiyarta, ita ce 'yar fari, ita ta ɗauko ta. Mijin A-Sake ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun yi aure sun watse, shagon kuma a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ce tsakani. Inna a zamaninta mace ce mai fara'a, irin wadda za ta zuba gishiri sau biyu a tukunya, ta ɗanɗana, ta fashe da dariya ta ce yau kowa ya tanadi ruwan sha. Mutane sukan yi mamakin yadda irin wannan uwa ta haifi irin wannan 'ya. Inna takan ce ita ma mamakin take, wai ƙila a asibiti aka yi mata musanya.

Ba wanda zai ce A-Sake ta gaza wajen jinya. Zanin gado fes, magani a kan kari, farce a yanke, kai a gyare, abinci a dame da laushi yadda tsohuwa marar haƙora za ta iya haɗiya. Mantuwa kuwa ta yi ta kwasar kayanta ɗaya bayan ɗaya: sunayen jikoki, hanyar banɗaki, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Abu ɗaya ta bar wa Inna, salla. Da ta ji an kira za ta miƙe tana laluben hijabi, fuskarta ta washe kamar wadda aka ce baƙonta ya iso. Sai dai sallar ta zama irin tata. Azahar takan zo raka'a biyu, gobe ta zo shida. Takan kai tsakiyar karatu ta koma farko, ko ta yi sujada ta daɗe har ka ce barci ya sace ta.

A-Sake ba ta iya gani ta kau da kai ba. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, tsoro na gaske, kada uwarta ta koma ga Allah da salla a karkace alhali ita tana tsaye tana kallo. Sai ta riƙa tsayawa a bakin ƙofa tana ƙirge da yatsu.

"Inna, uku kika yi. Tashi ki sake."

"Uku na yi?"

"Uku. A gabana aka yi."

Inna ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta sake kabbara. Wannan karon ta yi biyar.

"Inna, kin ƙara ɗaya. A sake."

Da farko tsohuwar dariya take yi, ta ce kan nan ya zama rariya. Sannu a hankali dariyar ta ƙare. Ta fara waige a cikin salla, tana satar kallon ƙofa. Daga nan ta daina kiran 'yarta da komai sai Malama, in ta shigo ɗakin ta gyara zama ta sunkuyar da kai. Ran nan aka kira la'asar, Inna na kwance idonta biyu, sai ta juya fuska bango ta ja bargo ta yi kamar mai barci. Da A-Sake ta zo sauya zanin gado ta tarar da sallaya a cuse ƙarƙashin katifa, hijabi a naɗe a cikinta. Tun daga ranar Inna ba ta ƙara tayar da kabbara ba.

Ƙanin A-Sake, wanda ke tuƙa babbar mota, ya biyo ta garin ya shigo gaida tsohuwa. Inna ba ta tuna sunansa ba, amma ta riƙe hannunsa tana ta ba shi labarin da ba kai ba gindi, suna dariya. A-Sake na shigowa da shayi, dariyar ta ɗauke. Inna ta taɓa shi da gwiwar hannu ta raɗa masa, "Gyara zama, Malama ta zo." Ya fara darawa, ya dubi fuskar uwar, sai ya haɗiye dariyarsa.

Da zai tafi ya tsaya a ƙofar gida yana kaɗa makullin mota.

"Yaya, me kike yi wa tsohuwar nan?"

"Me ka ga na rage ta da shi? Je ka duba gadonta."

"Gado kam, ko otal albarka. Amma na ce ta tashi mu yi salla, sai ta kama rigata ta ce in rufa mata asiri, wai ba ta haddace ba tukuna. Inna fa! Matar da ta koya mana."

"Gyara nake yi mata. In ban gyara ba wa zai gyara, kai da ke kan hanya kullum?"

"Inna ai an ɗauke mata alƙalami, Yaya. Wanda ya karɓi hankalin nata bai san ya karɓa ba ne, sai ke za ki tsaya masa ƙidaya?"

"Kai dai komai wasa ne a wurinka."

"Wallahi yau ba wasa nake ba. Kullum a sake, a sake. Ke kuwa yaushe za ki sake, ki sha iska kamar kowa? Garin gyaran gira kin tsone ido, ga shi nan."

Ta rufe ƙofa. Ta san gaskiya ya faɗa. Sai dai akwai mutanen da in ka ba su gaskiya bulala suke mayar da ita, kuma bayansu suke fara zabga wa. Abu ɗaya da tsufa ya bar wa uwarta, ita ta ƙwace shi da hannunta. Kullum Inna ƙara ramewa take, kullum barcinta ƙara tsawo yake, kuma A-Sake ta san in tsohuwar nan ta tafi a haka, tana tsoron sallaya, to ita ce sila.

Ta daina tsayawa a ƙofa. Ta ciro sallayar ta wanke ta goge, ta shimfiɗa a gaban gado, ta roƙa, ta lallasa. "Inna, tashi ki yi yadda kika iya, ba zan ce komai ba." Inna ta dube ta a tsorace ta ce, "Gobe, Malama. Gobe zan kawo." Duk ranar da aka yi haka sai A-Sake ta huce a kan kanta. Ta ƙara nafila, ta ƙara tsawon alwala, tana dirzar hannu kamar laifin a fata yake. Hannun dama ya kumbura, tsagar da ke tsakanin yatsu ta tara mugunya, har almakashi ya gagare ta riƙewa. Matan shago ne suka taru a kanta, babbarsu ta ce za ta kula da Inna, ita dai ta tafi asibiti.

Nas ɗin da ta duba ta mace ce mai jiki, mai surutu, wadda ba ta san A-Sake ba balle ta ji shakkarta. Ta juya hannun gaba da baya ta yi tsaki.

"Baiwar Allah, wannan hannun naki ne ko aro kika yi?"

"Nawa ne."

"Kin ci sa'a. Da na wani kika yi wa haka, da yanzu kina gaban alƙali." Ta matse mugunyar, ta wanke, ta shafa magani, ta naɗe da bandeji tun daga yatsu har wuyan hannu. "Ba ruwa, ba sabulu, sai ranar da na ce."

"Alwala fa?"

"Ki shafa a kan bandejin, sau ɗaya, ki wuce. Tambayi duk malamin da kika ga dama."

"Na san hukuncin."

"To in kin sani me ya rage? Wanda ya ba ki hannun ai shi ya ba ki rangwamen. Kin karɓi ɗaya za ki mayar masa da ɗaya?" Ta manna filasta ta ɗaga murya. "Na gaba!"

A-Sake ta dawo gida ana kiran azahar. Wurin da take alwala wani ɗan lungu ne mai famfo, bango ɗaya da ɗakin Inna, tagar ɗakin ma can take kallo. Ta tsuguna ta ɗauki buta da hagu. Hannun bai saba ba, ruwa ya zubo da yawa. Ta shafa bandejin sau ɗaya yadda aka ce, zuciyarta ta ce wannan ba alwala ba ce, wasan yara ne. Ta koma farko. A karo na uku butar ta suɓuce, ta bugi dutse, ruwa ya fantsama ya jiƙa mata zani da gefen bandejin. Nan abin da ya daɗe yana cin ta ya fashe.

"Banza! Marar amfani! Ko alwala ba ki iya ba, me kika iya a duniya? Tsohuwar banza, kin zame wa mutane kaya. Wa zai karɓi wannan daga gare ki? Tashi ki sake!"

Sai ta ji motsi a ɗakin, gado ya yi ƙara, wani abu ya faɗi. Ta miƙe ta zaga da sauri. Inna na tsaye a tsakar ɗaki, zaninta ya zame gefe guda, ta yafa rigar filo a ka a maimakon hijabi. Tana ganin 'yarta ta ɗaga hannu biyu ta kare fuska.

"Yi haƙuri, Malama. Zan sake. Kar ki dake ni, zan sake."

A-Sake ta matso kusa da ita. Ba ta taɓa ɗaga wa uwarta ko yatsa ba, ba ta taɓa ce mata ko tsohuwa ba. Ta durƙusa a gabanta ta kama gefen zanin tana gyarawa da hannu ɗaya.

"Ba da ke nake ba, Inna. Wallahi ba da ke nake ba."

Inna ta sauke hannu kaɗan. "Da wa kike?"

"Da wata ce. Wata marar amfani."

"'Yar wa ce?"

A-Sake ta sunkuyar da kai tana ɗaure mata zanin.

"Tana da uwa?" in ji Inna.

"Tana da ita."

"To ki bar ta haka, Malama. 'Yar mutane ce. Uwarta in ta ji ba za ta ji daɗi ba."

Ta zaunar da tsohuwar a bakin gado, ta cire mata rigar filon, ta kwantar da ita. Sannan ta fita lungun famfo ta zauna a kan dutse, a cikin ruwan da ya zube, ta yi kukan da rabonta da irinsa tun tana yarinya. Shekara da shekaru tana zaton murya biyu gare ta, mai kaifi tata, mai dama-dama ta mutane. Ashe ɗaya ce. Tsohuwar da ba ta san yau daga jiya ba ta ji ta ta bayan bango ta gane ta, ta kuma san cewa mai wannan murya ba ta yafiya. Wanda bai taɓa yi wa kansa uzuri ba, ina zai samo wanda zai ba wani? A nan zaune ta ji tausayin uwarta kamar ranta zai fita, kuma a ƙarƙashinsa, a karo na farko, ta ji wani ɗan tausayi na matar nan mai jiƙaƙƙen zani da naɗaɗɗen hannu, wadda tun ƙuruciya ba a taɓa ce mata ya isa ba.

Hali zanen dutse ne, ba a goge shi da kuka ɗaya. Abin da ta fara yi shi ne dabara: ta kulle bakinta, ta ci gaba da zagin a ciki. Bai yi aiki ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, Inna kuwa da ta manta sunan kowa ba ta manta karatun fuska ba. A-Sake za ta shigo da murmushi a leɓe, goshi a tamke, tsohuwar ta dube ta sau ɗaya ta ja bargo. Dole ta koma inda ciwon yake.

Ta fara da buta. Ta wanke abin da ke wankuwa, ta shafa bandeji sau ɗaya, ta miƙe. Ƙafafunta suka so komawa, zuciyarta na ta ihu ba ta yi ba, ba ta yi ba. Ta dafa bango ta ce a hankali, "Ya Allah, ga abin da na iya." Ta yi sallar a haka. Da ta sallame ba ta ji an karɓa ba, kamar kullum. Amma tana zaune wani tunani ya zo mata, mai sauƙi har ya ba ta kunya: ita aikinta ta kawo, karɓa ba aikinta ba ne. Tun tasowarta ta ɗora wa kanta aiki biyu, nata da wanda ba nata ba, shi ya sa ta gaji haka.

In cokali ya suɓuce mata daga hagu, bakinta kan fara, "Ke dai ban…" sai ta kama shi. Takan tsaya ta nemi abin da za ta ce wa 'yar mutane in ita ta yar da cokali. "Ba komai. Ɗauki." Ran farko ji ta yi kamar ƙarya take yi wa kanta. Wata rana ta ci nasara, wata rana zagin ya riga ta fita, sai ta kama kanta tana zagin kanta don ta zagi kanta, abin ya ba ta dariya ita kaɗai a kicin.

A shago ba ta iya taka keke, sai duba aiki. Ƙaramar cikin matan ta kawo riga, ta tsaya tana jiran reza. A-Sake ta kai rigar bakin taga ta juya ta. Can ciki, ƙarƙashin hammata, inda ba idon da zai taɓa kaiwa, zare ya ɗan yi tsalle.

"A…" Ta tsaya. "A goge a ba mai ita. Wuyan nan ya yi kyau."

Keke uku suka tsaya lokaci ɗaya. Babbarsu ta ce, "Anya allurar da aka yi miki a asibiti ba ta yi yawa ba?" Washegari wata ta ɗora hannun riga a juye, wannan kam an sake shi, don ba wanda zai sa riga hannu na kallon baya. Sai dai A-Sake ta zauna kusa da ita ta riƙe mata yadin tana farkewa.

Inna dai ba ta yi salla ba. Abincinta ya koma cokali kaɗan, muryarta ta yi ƙasa. A-Sake ta daina roƙonta, ta daina ambaton sallar ma. Abin da ta yi shi ne ta kwaso tata sallayar ta dawo da ita ɗakin, gaban gado, ta riƙa yin tata a nan, ba ta waige, ba ta cewa komai. Inna kan juya bango. Daga baya ta daina juyawa, ta riƙa kallo ta gefen bargo.

Wata la'asar, rana ta shigo ta taga ta kwanta a rabin ɗakin, A-Sake na cikin salla hankalinta ya tafi kan numfashin tsohuwar, ta miƙe tsaye inda ya kamata ta zauna. Ta gane sai da ta miƙe sosai. Da a da ne, da ta yanke ta koma wurin buta ta faro komai daga tushe. Yau ta ci gaba, ta kai ƙarshe, ta yi sujada biyu na gyaran mantuwa, ta sallame. Ta shafa fuska da hannun lafiya ta yi ajiyar zuciya.

"Kin yi mantuwa," in ji wata siririyar murya daga kan gado.

Ta juyo a hankali. "Na yi, Inna."

"Na gani. Kin tashi ba ki zauna ba." Tsohuwar ta ɗaga kai ta leƙa ƙofa. "Ba a yi miki faɗa ba?"

"Ba a yi ba."

"Malamar ba ta nan?"

A-Sake ta girgiza kai. "Ba ta nan, Inna."

Inna ta sake leƙa ƙofar. Can ta yaye bargo ta zuro ƙafa ɗaya ƙasa, sannan ɗayar. "To ba ni ruwa maza, kafin ta dawo."

Ta kawo buta da roba. Inna ta fara da fuska kafin hannu, ta shafi kai sau uku, ta wanke ƙafar hagu ta manta da ta dama. A-Sake na zuba ruwa tana kallo, kalmomin gyara suna cunkushe a bayan haƙoranta, ba ta bar ko ɗaya ta fita ba. Ta goge mata ƙafa, ta sa mata hijabi, ta tallafe ta har kan sallayar da ita ta tashi daga kai. Tsayuwa ta gagara, sai Inna ta zauna ta miƙe ƙafafu. A-Sake ta koma gefen damanta ta zauna a ƙasa.

Tsohuwar ta ɗaga hannaye ta yi kabbara. Karatun ya fito a tsinke, ya tafi, ya dawo, ya shiga wani. Ta sunkuya, ta ɗago, ta sake sunkuyawa. Yatsun hagun A-Sake suka fara lanƙwashewa da kansu, ɗaya, biyu, sai ta tura hannun ƙarƙashin cinyarta ta danne. Ba ta san nawa aka yi ba. Ta dai ga fuskar uwarta tana kwancewa, goshin ya saki, leɓɓan na motsi da wani abu da ita da Mai shi kaɗai suka sani. Rana ta janye daga sallayar ta hau bango, Inna ba ta gama ba, ba kuma wanda ya ce ta gama.

Daga ƙarshe ta juya kai dama ta yi sallama, sai sallamar ta sauka a fuskar 'yarta. Ta tsaya nan, ta manta da juyawa hagu. Ta daɗe tana kallon ta, ba ta kare fuska ba, ba ta sunkuyar da kai ba.

"Na yi daidai?"

"Allah ya karɓa, Inna."

"Amin. Ke ma Allah ya karɓi taki, 'yar nan, da mantuwar da komai."

Inna ba ta gane ta ba. A-Sake ta ga haka a idonta, kuma ta san ƙila ba za ta ƙara gane ta ba har abada. Abin ya yi mata ciwo, ta bar shi ya yi, ba ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi ba. Ta sa kafaɗa ta ɗaga tsohuwar, ba nauyi ko kaɗan, ta mayar da ita gado ta ja mata bargo. Har ta juya za ta ɗauke robar ruwa, Inna ta kamo gefen hijabinta, ido a lumshe.

"In an kira ta gaba ki tashe ni. Kar ki bari ta wuce ni."

"To, Inna," ta ce. "Zan tashe ki."